Ƙugiyar Goggo: Kwana Huɗu Da Masu Tsintar Daji A Birnin Kudu Da Gwaram

Ina bakin aiki a ɗakin yara wata uwa ta shigo da ɗanta ɗan wata goma sha huɗu. Na naɗa masa ma'aunin nan mai launi uku a damtse, ya tsaya a kan ja, ƙasa da santimita 11.5. Duk uwar da ta taɓa zuwa awon tamowa ta san abin da jan nan yake nufi. Na tambaye ta me yake ci bayan nono, ta ce koko, wani lokacin taliya da mai. Na ce miya fa? Ta yi shiru, can ta ce, "Malama, kayan miya ai sai mai hali."

Da hira ta yi nisa sai na gane 'yar ƙasar Gwaram ce, aure ne ya kawo ta Kano. Ta ce a gonar babanta akwai kuka biyu da ɗorawa, kuma ita ba ta taɓa sanin ana sa kuɗi a sayi garin kuka ba sai da ta zo birni. Maganar nan ta tsaya mini a rai, domin ni ma tushena can ne. Yayar mahaifina tana aure a wani ƙauye bayan Birnin Kudu, rabona da ita shekara huɗu ke nan. Da na samu hutu a watan Afrilu sai na bar yara wajen kakarsu, na hau mota.

Wanda bai san Jigawa ba yana ɗauka duk rairayi ce da jigayi, kamar yadda sunan ya nuna. Arewacinta haka yake. Amma in ka wuce Wudil, ka bi ta Kwanar Huguma, ka nufi kudu, ƙasar sai ta sauya fuska. Duwatsu su fara ɓullowa, wasu a ɗore kan wasu kamar da hannu aka jera su, gonaki kuma cike da manyan itatuwa a warwatse: ɗorawa, kuka, tsamiya, gawo, kanya, nan da can kaɗanya. Ba daji ba ne irin na tatsuniya. Gona ce da itatuwa a cikinta, kuma kusan kowace bishiya da ka gani tsaye, wani ne ya ga dama ya bar ta lokacin sassabe. Har a sunayen garuruwa ana jin wannan. A cikin mazaɓun Birnin Kudu akwai Mai'aduwa.

Na iske Goggo tana ɗaura ƙugiya a bakin wata doguwar gora. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta dubi takalmina ta ce, "Da wannan za ki bi mu gobe, 'yar birni? Sai dai mu goyo ki."

Da asuba, bayan sallah, muka fita mu bakwai: Goggo, kishiyarta, surukarta, maƙwabta biyu, wata jikarta 'yar shekara goma sha biyu, sai ni da aron silifas. Lokacin ɗorawa ne. Jajayen furannin nan masu kama da tuntu sun daɗe da zuba, 'ya'yan sun yi tsawo sun bushe, suna reto a tsintsiya-tsintsiya. Mai ƙugiya ta saƙalo ta murɗa, su zubo, na ƙasa su tara a buhu. Aiki ne na wuya da kafaɗa. Na karɓi gorar don in nuna ni ma jinin gidan ce, minti biyar ban yi ba wuyana ya ƙage, ga ƙaiƙayi yana zubo mini a ido. Aka yi ta dariya, aka mai da ni sashen tsinta tare da yarinya.

A tsintar ne na fara lura akwai doka a cikin abin, duk da ba wanda ya rubuta ta. Na ga wata tsintsiyar 'ya'ya a reshe na ƙasa, kore-kore, na miƙa hannu. Goggo ta buge mini hannu kamar ina 'yar shekara biyar.

"Sabada ce. Bar ta ta nuna. In kin cire ta yanzu ba gari, ba kalwa, kin yi wa kowa asara."

Muka wuce wata ɗorawa da ta fi tamu 'ya'ya, ba wanda ya ɗaga kai ya dube ta. Na tambaya, aka ce ta gidan wane ce. Abin da yake bisa na mai itace ne, abin da iska ta kaɗo ƙasa kuwa na mai tsinta ne, ko wace ce ita. Kishiyar Goggo ta ƙara mini bayani: ɗorawa dukiya ce mai zaman kanta, ana gadonta, ana jinginar da ita, har akan sayar da gona a ce ban da ɗorawar ciki. A bishiya ta ƙarshe kuma, da rana ta fara zafi, sai na ga sun bar wani reshe guda ba a taɓa ba. Na ɗauka gajiya ce. Ashe akwai wata tsohuwa a unguwar, mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna Legas, ita ake bar wa. Jikanta zai zo da yamma ya kaɗe mata. Ba a kai mata a ƙwarya don kada ta ji kamar bara take yi.

Wannan abu ya fi komai taɓa ni a tafiyar. A asibiti muna da takardu da layi da kati kafin taimako ya isa ga mai buƙata, kuma sau da yawa kafin ya isa mutum ya gama jin kunya. Nan kuwa reshe ɗaya aka yi kamar an manta.

Ɗorawa ba a yar da komai nata. Garin nan rawaya mai zaƙi yara su sha, a dama shi a kunu. Ɓawon a jiƙa shi a samu makuba, wadda ake yayyafa wa daɓe da katangar ƙasa don su yi ƙarfi. Kalwa kuwa ita ce uwar tafiya. Kwana biyu na zauna ina kallon yadda take zama daddawa: a dafa ta wuni guda cur har ta yi laushi, a surfa a turmi, a wanke a cire ɓawo, a sake dafawa, a tsane, a zuba a kwando a lulluɓe da ganye da tsumma, a ajiye a ɗaki mai ɗumi kwana biyu zuwa uku. Ranar da aka buɗe, ko ba a faɗa maka ba hancinka zai sanar da kai. Sannan a kirɓa, a mulmula, a shanya. 'Yan uwa, na san da yawanmu mun koma dunƙulen magi saboda sauƙi, ni ma ina sawa. Amma magi ɗanɗano ne da gishiri. Daddawa kuwa ɗanɗano ce kuma abinci, domin kalwa ɗangin wake ce, tana da sinadarin gina jiki da mai. A gidan da nama sai sallah, wannan ɗan baƙin curin ba ƙaramin aiki yake yi a tukunya ba.

Sai dai ita ma daddawa tana cin itace. Wutar wuni guda ba wasa ba ce. Da na faɗa wa Goggo haka sai ta nuna mini tarin karan dawa da busassun rassa a bayan ɗaki, ta ce ɗanyen ice bai taɓa shiga murhunta ba. Na yarda da ita. Ban tabbata kowace mai daddawa za ta iya rantsuwa a kan haka ba.

Rana ta biyu da la'asar ɗan Goggo ya ɗauke ni a babur zuwa Dutsen Habude. Abokin wasana ne, don haka tun daga gida muke tsokanar juna. A ƙarƙashin rumfar dutsen akwai zanen shanu da mutanen da suka shuɗe suka bari, wasu masu dogayen ƙaho ba tozo, irin da ba a kiwo a nan yanzu. Tun shekarun 1950 masana suka fara rubutu a kan zanen nan da na Dutsen Mesa, da kuma duwatsun da in ka buga su suke amo kamar kuge. Ni dai abin da ya ɗauke mini hankali shi ne wata tsamiya da ta tsaga dutse ta fito, da yara biyu a ƙarƙashinta suna jifa. Na ce a raina wanda ya zana shanun nan ma wataƙila da tsamiya a bakinsa ya yi zanen.

A hanyar dawowa ne ya faɗa mini abin da ake ɓoye mini a gida. Masu gawayi sun taya babbar ɗorawar gonarsu, wadda muka kaɗe da safe, kuma shi yana son a sayar.

Na ce, "Kai yanzu ko kunya ba ka ji? Bishiyar da kakanka ya bari?"

Ya tsayar da babur. Wasa ya ƙare. Ya ce, "Ke albashi kike ɗauka. Damina saura wata biyu, ba ni da taki ko mudu ɗaya. Inuwarta kaɗai tana cinye mini kunya nawa na dawa. Kuɗin daddawa na tsohuwa ne, ban hana ta ba, amma hatsin da za a ci a gidan a wuyana yake."

Ban sami amsa nan take ba, kuma ba na son in yi muku ƙarya in ce ba shi da hujja. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, gidaje da yawa a birni suka ajiye tukunyar gas suka koma gawayi. Ni kaina akwai buhu a kicin ɗina. Buhunan da ake jerawa a bakin titi daga Babaldu zuwa Gwaram ba mutanen ƙauye ne suke ƙona su ba, mu ne. Masu gawayi sun fi son ice mai nauyi irin ƙirya da marke, da waɗannan suka yi wuya sai ido ya koma kan kaɗanya da ɗorawa da tsamiya, wato itatuwan da mata suke ci da su. A nan rikicin yake. Bishiya a hannun namiji take, amfaninta a hannun mace. Shi in ya sayar zai ga kuɗi a dunƙule rana ɗaya. Ita kuɗinta a tsinke suke zuwa, naira kaɗan yau, kaɗan jibi, su tafi a sabulu da man gyaɗa da kuɗin makarantar allo da maganin zazzaɓi, ba wanda ya taɓa tara lissafinsu. Kuɗin da aka taya bishiyar ko buhun taki biyu ba za su saya ba. Ɗorawa kuwa in ka shuka ta yau, sai ka yi kusan shekara goma kafin ka ga abin kirki a kanta.

Rana ta uku muka tafi ƙasar Gwaram, wajen Sara, gidan 'yar Goggo. Gwaram ta fi Birnin Kudu kusa da iyakar Bauchi, duwatsu da ƙoramu sun fi yawa, kuma a nan na ga abin da ya rage na tsinta a tsakiyar bazara, lokacin da ƙasa ta bushe ƙayau. Yaɗiya tana nan kore shar tana bin shinge. Ɗinya ta fara fitar da ɗinkin, sabon ganyenta mai laushi da ake dafawa a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Akwai ragowar magarya da aduwa da goruba a rumbunan mata. Wata dattijuwa maƙwabciya, kowa Iya yake ce mata, ta lissafa mini shekara da bakinta ba tare da ambaton wata ko ɗaya ba: ruwan farko tafasa da gasaya da zaƙi-banza, tsakiyar damina lalo da karkashi da kaɗanya, kaka ɗinya da ganyen kuka na shanya, hunturu kanya da taura da tsamiya, bazara ɗorawa. Ta ce a da ba watan da yaro zai fita bayan gari ya dawo bakinsa a bushe.

Iya ce ta koya mini dokokin ganye. Tafasa kai ake tsinkewa, ba a tumɓuke ta, don ta sake tofo, kuma a ƙarshen damina a bar wasu su yi 'ya'ya. Yaɗiya ba a jan ta da saiwa. Kuka ba a yi mata aski kwal a shekara guda, kuma ganyenta a inuwa ake shanya shi, shi ya sa garin kukar ƙauye yake kore, na wasu 'yan kasuwa kuma ya yi fari-fari. Mai neman sassaƙe ya ɗiba gefe ɗaya, ya shafe wurin da laka, kada ya zagaye gindin. Wannan na ƙarshe ilimi ne tsantsa: abincin da ganye yake haɗawa ta cikin ɓawo yake sauka zuwa saiwa, in aka yanke ɓawon a zagaye bishiya ta mutu a tsaye. Ta kai ni ta nuna mini wani maɗaci da baƙi masu sayar da magani suka feɗe har iya tsayin mutum. Ya bushe. Ta ce, "Wanda zai dawo baɗi ba ya yin haka, 'yata. Wannan aikin mai wucewa ne."

Yanzu bari in sa farar rigata in yi magana, domin ba na son wata ta karanta wannan ta tura yara bayan gari ido rufe. Tsinta tana da haɗarinta, kuma mu muke karɓar sakamakon a asibiti. Babban abin da ya sauya daga zamanin su Iya shi ne feshi. Yanzu manoma da yawa maganin kashe ciyawa suke fesawa maimakon noma, kuma tafasar gefen gona tana shan rabonta. Ganyen da aka tsinko a gonar da ba a san ranar da aka yi mata feshi ba, ko a bakin kwata da bola, a bar shi. Sannan tafasa tana da 'yar uwa mai kama da ita, rai-ɗore, wadda wasu suke kira sanga-sanga. Ganyen tafasa bakinsa a zagaye yake, guda shida a kowane hannu, na rai-ɗore kuwa mai tsini ne kuma ya fi yawa. 'Ya'yan rai-ɗore suna illa ga hanta, musamman ta ƙananan yara. 'Ya'yan bini-da-zugu da ake shinge da shi suna da daɗin baki kamar gyaɗa, kuma na sha karɓar yara 'yan gida ɗaya da amai da gudawa saboda su. Zaƙami kuwa ba sai na faɗa ba. Sai maciji: kububuwa tana son gindin itace da tarin ganye. In tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana ƙafar motsi a nufi asibiti.

Amfanin kuma ba camfi ba ne. Ganyen kuka yana da sinadarin ƙarfafa ƙashi da na ƙarin jini. Farin garin da yake cikin 'ya'yan kuka, wanda Fulani suke kaɗawa a nono, yana da bitamin C mai yawa. Tun 2008 Tarayyar Turai ta amince a sayar da shi a kasuwanninta, yanzu a can cikin 'yan gwangwanaye masu tsada yake, mu kuma a nan muna ganin abincin talaka ne. Korayen ganyen nan suna ba da bitamin A, amma jiki ba ya ɗaukarsa sosai sai da maiƙo, don haka ƙuli-ƙuli da ɗan man da ake zubawa a kwaɗo ba don daɗi kaɗai ba ne. Kanwa dai a rage mata hannu. Yaron da ya kai wata shida za a iya sa masa miyar kuka mai laushi da daddawa da ɗan garin kifi a tuwonsa. Amma yaron da awo ya nuna ja, miya ba ta isa ba, sai an haɗa da abincin asibiti na tamowa da kulawar ma'aikata.

Daren ƙarshe muka zauna a tsakar gida, ni da Goggo da ɗanta. Na ba shi labarin abin da manoman Maraɗi da Damagaram suka yi tun daga shekarun 1980, abin da suke kira sassaben zamani: maimakon a ƙone duk tohon da ya fito daga tsohon kututture, sai a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Da wannan kaɗai, ba tare da dashe ba, aka farfaɗo da itatuwa a fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5 a Nijar. Na ce masa gawo ma taki ne, tunda da damina yake zubar da ganye ya bar wa shuka rana. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To malama nas, duk na ji. Takin bana fa?"

Goggo ba ta ce uffan ba tun da aka fara. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da wani ƙullin leda ta ajiye a gabansa. Kuɗin daddawar da ta sayar ne tun daga bara, da na adashinta. Ta ce, "Ba kyauta ba ce. Na karɓi jinginar ɗorawar. In ka biya ni, taka ce, ka yi yadda ka so." Ya daɗe yana kallon ledar bai taɓa ba. Ni ma na ƙara abin da ya sawwaƙa daga kuɗin motata, na ce a rubuta ni a cikin masu jingina. Ya yi dariya ya ce wato mata sun haɗa masa kai. Amma ya ɗauka.

Da safe kafin in tafi, jikar nan 'yar shekara goma sha biyu ta ja ni bayan ɗaki. Wasu tsofaffin gwangwanayen madara ne guda biyar a jere, an huda gindinsu, kowanne da ɗan tsiron ɗorawa. Goggo ce ta sa ta jiƙa kalwa a ruwan zafi ta shuka. In ruwa ya zauna za su dasa a iyakar gona, su kewaye da ƙaya saboda awaki. Na tambaye ta ko ta san shekara nawa za ta jira. Ta ce Goggo ta ce sai ta yi 'ya'ya biyu.

Na dawo Kano da daddawa curi ashirin, garin kuka kwano ɗaya da tsamiya. Rabi na kai wa matar nan ranar da ta dawo karɓar abincin ɗanta. Ta buɗe ledar ta sansana, ta ce, "Wannan ta kalwa ce zalla, ba waken suya." Bayan sati shida awon yaron ya koma rawaya.

Shekaranjiya na kira Goggo. Ta ce tsiro uku sun kama, awaki sun cinye biyu. Masu gawayi sun sake zuwa, ɗanta ya ce musu su dawo bayan kaka.